Yadda Ake Ceto Shasin Tsohuwar Mota Daga Tsatsa

Mai sayen tsohuwar a-kori-kura yakan fara da sauraron inji, ya dubi hayaƙi, ya shafa fenti, ya taka birki, amma ba kasafai yake shimfiɗa buhu ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta ba. Alhali kuwa inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu, giyabos ma haka, bodi kuma aikin mai gyaran jiki ne. Shasi shi ne ke ɗauke da dukkan waɗannan, a jikinsa aka ɗaure sifirin da sitiyari da tankin mai, kuma a jikinsa aka buga lambar da ke cikin takardun kwastan. Ranar da ya karye da lodi a kan hanya, lafiyar inji ba za ta amfani kowa ba. Aikin ceto shi daga tsatsa ba shi da wuyar fahimta, sai dai yana cin lokaci da ƙarfi, kuma mafi yawansa aikin bincike ne da kankara. Fenti, wanda mutane suka fi ɗokin gani, shi ne ƙaramin kaso, kuma shi ne na ƙarshe.

Shasin irin waɗannan motoci kamar tsani yake, wato dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da gajeru da suka gitta suka haɗa su. Akwai buɗaɗɗe, wanda bakinsa ke kallon ciki, kamar na roka da sauran manyan motocin ɗaukar kaya, akwai kuma rufaffe mai kama da dogon akwati, irin na Hilux da Land Cruiser. Bambancin yana da muhimmanci ga mai gyara. Buɗaɗɗe duk abin da ya same shi ido zai gani, hannu zai kai. Rufaffe kuwa ruwa da laka suna shiga ta ramukansa su kwanta, su riƙa cin ƙarfen daga ciki, ta yadda ranar da tsatsa ta bayyana a waje ta riga ta gama aikinta.

Inda tsatsar take fitowa

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, gishiri kuma yana hanzarta abin ƙwarai. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma ninki da yawa, shi ya sa take kumbura, ta ɓamɓare fenti, ta buɗe tsakanin ƙarafa biyu da aka haɗa da ribit kamar an cusa musu kurfi. Ƙasarmu busasshiya ce a mafi yawan shekara, don haka motar da ta yi rayuwarta tsakanin Kano da Damagaram tana iya kai shekara talatin shasinta garau. Waɗanda suke ruɓewa yawanci da cutarsu suka iso. A jihohin Amurka irin su Michigan da Ohio da New York, da lardin Ontario na Kanada, ana barbaɗa gishiri a kan titi duk lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuma yana fantsama ƙarƙashin mota wata da watanni. Matsalar ta kai ga a shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu na kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010, da Tundra na 2007 zuwa 2008, da Sequoia na 2005 zuwa 2008. Ire-iren waɗannan motoci suna sauka a Legas da Kwatano, wasu an fesa wa ƙarƙashinsu baƙin fenti yana ta ƙyalli, kyan ɗan maciji.

Akwai kuma tsatsar da muke jawowa da kanmu. Motar da ke jigilar takin zamani, ko kanwa, ko gishiri, ko shanu da fitsarinsu ke tsiyaya ta tsakanin katako, tana shan abin da ba ya kasa gishirin titin Amurka illa. Ruwan batir da ke ɗiga yana cinye ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, laka ta damina tana maƙalewa a saman tanki ta riƙe danshi har kaka. Motar da ambaliya ta shanye, kamar waɗanda ruwa ya rufe a Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, cikin shasinta cike yake da taɓo ko da an wanke wajenta tas.

Bincike kafin a kashe ko sisi

A fara da wanki mai ƙarfi, a sa tiyo cikin kowane rami na shasi har sai ruwan da ke fitowa ya daina ja, sannan a bar motar a rana kwana biyu. Bayan haka a hau da ita kan ramin gareji, a ɗauki tocila da ƙaramar guduma da sukundireba mai kauri, a bi ƙarfen taƙi-taƙi daga gaba zuwa baya ana ƙwanƙwasawa. Kunne ya fi ido amfani a nan. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, guduma kuma tana dawowa hannu. Wanda ya ruɓe yana amsawa a dushe kamar an bugi jiƙaƙƙen katako, kuma za a ji ɓarɓashi yana zuba a ciki. Duk inda aka ji haka a dafa sukundireba a danna da ƙarfi. Kada a ji tausayin ƙarfen, domin wurin da sukundireba ya huda da hannun mutum ba zai ɗauki buhu ashirin na masara ba.

Wuraren da suka fi ruɓewa sanannu ne, kuma su ne za a fi daɗewa a kansu: inda aka rataya sifirin na baya, da gantsarwar shasi a saman aksil (ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya), da gefen da tankin mai ya jingina, da ƙarfen da ke riƙe da safaya, da kujerun da bodi ke zaune a kansu, da inda akwatin sitiyari yake ɗaure. A wannan wuri na ƙarshe tsaga ake nema fiye da tsatsa, kuma alamarta siririn jan layi ne kamar zare da ya taso daga bakin ramin noti. Duk abin da aka gano a zagaye shi da alli.

Tsatsa hawa uku ce. Ta farko ja ce kawai a sama, idan an goga ƙarfe ya fito sumul. Ta biyu ta yi ɓawo, idan an kankare ta bar ƙananan ramuka kamar zanzana, amma ƙarfen yana nan da kaurinsa. Ta uku ta huda, ko ta mai da ƙarfen ganye-ganye. Shasin ƙaramar a-kori-kura bai cika wuce milimita 3 zuwa 4 a kauri ba, saboda haka babu rarar da za a yi sakaci da ita. A ganina, wurin da ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa ya zama na yanka da faci, ba na fenti ba. Idan kuwa ruɓewar ta bi dogayen ƙarafan biyu daga tsakiya har baya, ko ta cinye wurin da sitiyari da sifirin suke kamawa a ɓangarori da yawa, to gaskiya ita ce a haƙura da gyara, a nemi wani shasin a kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a kuma bi hanyar hukuma wajen daidaita lamba da takardu. Faci a kan faci ba ya zama shasi.

Kafin a kwance komai a auna. A sa tef daga wani rami a gaba ta hagu zuwa wani a baya ta dama, sannan a auna kishiyarsa. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya, ko su saɓa da 'yan milimitoci kaɗan. Idan saɓanin ya yi yawa shasin ya karkace, kuma sai an miƙe shi kafin walda, in ba haka ba za a ƙulle karkatar ne har abada, motar ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. A rubuta awon a takarda, a kuma ɗauki hoton kowane bututu da waya da ke bin shasin, domin bayan mako uku babu wanda zai tuna ta ina suka bi.

Shiri

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ta bushe. A damina ƙarfen da aka goge da safe yakan yi ja kafin la'asar. Abin da za a yi fama da shi a rani shi ne ƙurar hunturu, wadda ake maganinta da yayyafa ruwa a ƙasa da kewaye wurin da tamfol ranar fenti.

Aiki mafi kyau shi ne a ɗage bodi gaba ɗaya, amma ko ba a kai ga haka ba, lalle ne a sauke akwatin baya, wanda 'yan notuna ne ke riƙe da shi, domin saman shasi shi ne inda laka ke kwana kuma ba a ganinsa daga rami. A cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa da wurin aiki. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur ne ke fashewa idan tartsatsi ya same shi. Game da ɗaga mota kuwa, ina roƙon mai karatu ya ɗauki wannan da gaske: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma bulon siminti yana tarwatsewa nan take ba tare da ya yi gargaɗi ba. A ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka ko manyan guntayen katako masu ƙwari, a kan ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin da suka rage, sannan a girgiza ta da ƙarfi kafin kowa ya shiga ƙarƙashi.

Notunan da suka ciza a jiƙa su da man kwance noti kwana biyu kafin ranar aiki. Wanda ya ƙi a gasa notin da wutar gas har ya fara ja, a bar shi ya ɗan huce, sannan a juya. Wanda ya ƙi duk da haka a yanke shi, domin dama ba za a mai da shi ba.

Kankara

Da farko a cire maiƙo. Duk wurin da giris ko baƙin mai ya taɓa a wanke shi da kalanzir, a bi da ruwan sabulun gari mai zafi, a ɗauraye. Idan aka fara gurza kafin wannan, buroshi zai shafe maiƙon cikin ƙarfe, fenti kuma ba zai kama ba. Sannan a bi ɓawon tsatsa da guduma da kurfi har ya zube, a biyo da injin gurza mai buroshin waya, a ƙarasa da faifan samfefa. Akwai yaudarar da buroshin waya ke yi wadda ya kamata a sani: yana iya goge saman ɓawon tsatsa ya yi baƙi yana sheƙi, mutum ya zaci ya kai ga ƙarfe. A ƙwanƙwasa wurin da bakin kurfi, idan ya ɓare to ɓawo ne. Ƙarfe na gaskiya fari ne kamar azurfa. Kusa da lambar shasi a ajiye inji a yi aiki da buroshin hannu, domin lambar da ta goge ko ta yi kama da an taɓa ta fitina ce a kowane shingen bincike.

Wanda ya sami injin fesa yashi ya huta, domin yana shiga lungunan da faifai ba ya kaiwa, yana kuma barin ƙarfe da ɗan kaushin da fenti ke so. Sai dai ƙurar yashin rafi tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa, don haka ƙasashe da yawa suka hana amfani da yashi a wannan aiki. A nemi tsakuwar fesawa da aka tanada don haka. Tsofaffin fenti kuma wasunsu na ɗauke da dalma. Ƙyalle a hanci ba ya tare waɗannan, sai takunkumi mai matata, tare da tabarau, domin wayoyin buroshi suna tsinkewa su tashi kamar allura. Yaran gareji su ne aka fi turawa ƙarƙashin mota su yi wannan aiki, kuma haƙƙi ne a kan maigida ya ba su kayan kariya.

Cikin rufaffen shasi shi ne inda mafi yawan masu gyara suke gajiya su bari, kuma nan ne asalin cutar. Dabarar da ke aiki ita ce a ɗaura guntun sarƙa a bakin wayar ƙarfe mai kauri, a cusa ta cikin shasin ta wani rami, a juya ta da injin huda. Sarƙar tana dukan bangon ciki tana kakkaɓo ɓawo. Sai a hura da iskar kwamfuresa, a jawo ragowar da maganaɗisu, a maimaita. Na taɓa tsayawa a kan wata a-kori-kura da ta yi shekaru tana jigilar taki zuwa ƙauye, wadda wajenta bai nuna wani abin tsoro ba. Abin da ya fito daga ƙarfe ɗaya ya cika kwanon awo ya zuba, jan gari da ɓawo kamar na gyaɗa, har da busasshiyar laka da ta ɗauki siffar cikin ƙarfen. Bayan an share aka haska tocila ta wani rami, sai haske ya fito ta ƙasa a wurare uku da ba a zagaye da alli ba. A ƙarshe a buɗe duk ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan shasin, waɗanda galibi a toshe ake samunsu.

Yanka da walda

A nan ne garin neman gira ake rasa ido, saboda haka ba kowane mai walda ake ba wannan aiki ba. Wanda ya ƙware a ƙofa da taga ba lalle ne ya san ƙarfen da ke lanƙwasa yana miƙewa sau dubbai a kowace tafiya ba. A nemi wanda shasi ne sana'arsa, a kuma ga aikin da ya yi a baya.

Ƙa'ida ta farko ita ce ruɓaɓɓen ƙarfe yanke shi ake yi a fitar, har sai an kai inda kauri ya cika. Ɗora faranti a kan ruɓa a zagaye da walda, kamar yadda aka saba, yana rufe danshi ne tsakanin ƙarafa biyu, tsatsa ta ci gaba a ɓoye. Kafin yanka a tokare shasin gaba da bayan wurin, a kuma ɗana masa ƙarfen wucin gadi don kada ya motsa. Facin ya kasance sabon ƙarfe mai kaurin na asali. Wanda ya fi kauri sosai ba ƙarin ƙarfi ba ne, domin yana sa wurin ya sandare, sai shasin ya tsage a daidai bakin facin. A zagaye kusurwoyin ramin da aka yanka, kada a bar su da kaifi, saboda daga kusurwa tsaga take farawa. Idan za a haɗa dogon ƙarfe da aka yanke gaba ɗaya, kada a yanka shi a tsaye. A yanka a karkace, wajen digiri 45, don nauyi ya bazu a kan doguwar walda, sannan a ƙarfafa gefen da faranti mai tsini a ɓangarorin biyu kamar idon zakara, wanda ya wuce mahaɗar ta kowane gefe. In ban da a mahaɗar kanta, ba a jan walda ta gitta leɓen sama ko na ƙasa na shasi, ba a kuma huda su, domin su ne suke ɗaukar mafi yawan nauyi.

Tsaga kuwa, a nemi ƙarshenta a huda ɗan ƙaramin rami a wurin don ta daina tafiya, a gurza bakinta ya buɗe kamar kwari, sannan a cike. Sandar waldar da aka fi samu a kasuwa ita ce mai lamba 6013, amma ga shasi 7018 ta fi, saboda waldarta ta fi jure girgiza. Sharaɗinta shi ne ta kasance a bushe, domin idan ta sha danshi ta rasa fifikonta. Waldar gas ba ta dace da wannan aiki ba, tana gasa wuri mai faɗi ta raunana shi. A riƙa yin walda gajere-gajere ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe, a bar ƙarfe ya huce da kansa. Watsa masa ruwa don a yi sauri yana sa shi gautsi. A maƙala wayar ƙasa ta injin kusa da inda ake aiki, kuma a motar da ke da kwamfutar inji a zare mata fulogi tukuna.

Manyan motoci suna da nasu hukunci. Da yawansu an gasa ƙarfen shasinsu a masana'anta don ya yi ƙarfi, har akan liƙa gargaɗi a jikinsa cewa kada a yi walda ko huda. Irin wannan ana gyara shi ne da ƙarfen ƙari da ake sakawa ciki a ɗaure da notuna masu ƙarfi. Idan an cire ribit, a maye gurbinsa da ƙusa mai zare da ta cika ramin dam, mai lamba 10.9 a kanta, ko aƙalla 8.8. Wadda ba ta da lamba a kai ba ta da wuri a jikin shasi.

Magani da fenti

Duk yadda aka gurza, tsatsa takan rage a cikin ƙananan ramuka. Ita ake sa wa maganin tsatsa, wanda iri biyu ne. Mai sinadarin fosforik yana mai da ita toka-toka, mai sinadarin tanin kuma yana mai da ita baƙa. Na biyun ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin irin haɗuwar da ke ba dukawa baƙin launi ce idan ruwan ƙarfe ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa. Abin lura shi ne maganin siririn saura yake kashewa, ba ya ratsa ɓawo. A shafa, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin galan, a goge ragowarsa sosai, domin wani fentin ba ya kama saman da aka bar asid a kai.

Da zarar ƙarfe ya bushe a goge shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, da tsumma mai tsabta, a sa fentin ƙasa a ranar, kada a kwana. Mafi inganci shi ne ifoksi mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da mai busar da shi daidai yadda aka rubuta, kuma a haɗa iya abin da za a shafe kafin ya daskare a gwangwani. Wanda bai samu ba ya yi amfani da jan fentin ƙarfe da aka sani, ya yi masa shafi biyu, amma ya san bai kai ifoksi toshe ruwa ba. Ni na fi son shafin farko da buroshi, saboda yana tura fenti cikin ramuka da bakin walda, inda feshi ke tsallakewa. A fara da kusurwoyi da gefuna, sannan fili. A bi da baƙin fentin shasi shafi biyu sirara, ana barin kowanne ya sha iska. A yi aikin da hantsi a inuwa, domin ƙarfen da ya gasu a rana yana busar da saman fenti ya bar ƙasansa ɗanye.

Kwalta da kakkauran baƙin shafi mai kama da roba suna da amfani a cikin marufin taya, inda tsakuwa ke duka, amma a kan busasshen fenti kaɗai. A kan tsatsa aikin baban giwa ne, har ma ya fi rashin yi muni, domin idan ya tsage ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita, ido kuma ba ya ganin abin da ke gudana. Cikin rufaffen shasi ba a iya fente shi da kyau, don haka bayan fentin waje ya bushe ake fesa masa kakin hana tsatsa ta dogon siririn tiyo mai watsawa ko'ina, ana janyo shi a hankali har sai kakin ya ɗigo ta ramukan ƙasa. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda ake fesawa a wuraren wankin mota, ba madadinsa ba ne. Yana kumbura roba, yana tara ƙura ta zama taɓo, yana ɗauke da dattin ƙonewa mai cutar da fata, kuma idan ya kai ga birki ya lalata shi. Wanda bai sami kakin ba, sabon man giyabos mai kauri ya fi masa.

Mayar da kaya

Kada a mai da ruɓaɓɓun kaya kan gyararren shasi. Bututun birki na ƙarfe da ya yi ƙuraje a sauya shi daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Ba a yi masa walda, ba a ɗaure shi da roba, domin matsin da ke cikinsa lokacin taka birki na gaggawa yana fasa duk wani rauni. Haka tiyon birki da ya tsattsage, da bututun mai, da maɗaurin tanki. Sifirin a warware shi ganye-ganye a goge, wanda ya tsage a sauya shi, domin ganyen sifirin ba ya karɓar walda. A sa sabbin bushin, wato robobin da ke cikin mahaɗan sifirin, da sabbin robobin kujerar bodi, a duba shakazoba ko tana yoyo, a kuma sa sabbin maɗauran da ke haɗa sifirin da aksil, saboda tsofaffin sun riga sun miƙe. Inda wayar ƙasa ta batir ke kama shasi a kankare fentin wurin ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a shafa giris a kai, in ba haka ba za a yi ta neman matsalar wuta inda ba ta.

Notunan bushin sifirin ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, domin idan aka ɗaure su tana rataye robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. A sake awon da aka rubuta tun farko, a fitar da iska daga birki, a kai motar a daidaita mata tayoyi. Tafiyar farko a yi ta ba lodi, a dawo a hau rami a bi kowace walda da tocila ana neman siririn layi a jikin sabon fenti. Bayan mako guda na aiki a sake ɗaure maɗauran aksil, domin sukan saki kaɗan. Daga nan, duk ranar da motar ta ɗauki taki ko kanwa ko dabbobi a wanke akwatinta da ƙarƙashinta kafin ta kwana, a riƙa zura waya cikin ramukan tsiyaya a tsakiyar damina, a kuma sabunta kakin cikin shasi sau ɗaya a shekara, a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.